Kuben Da Na Ɗinka Ya Cinye Mini Takubbana

Zuwa ga Mai Girma Mudir, shugaban ofishin da ke duba tsofaffin kaya kafin a fita da su daga Masar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe, sunana Ilu, baduku ne ni, mutumin Damagaram, mazaunin unguwar Darrasa. Karatu ya kawo ni Alƙahira, da karatun ya ƙi sai na koma wa basillar mahaifina. Na rubuto a fili ne domin na zo ƙofarka sau bakwai ban wuce bencin masinja ba. Maƙwabcina Malam Sani zai juya maka takardar zuwa Larabci, ni dai da Hausa kaɗai nake iya faɗin abin da ke cina.

Na ɗaya. Takubba uku da ofishinka ya riƙe nawa ne, kuma ba na Masar ba ne, na tsofaffin sojojin Amurka ne. Wani dattijo Ba'amurke da ke zaune a unguwar Ma'adi, wanda nake gyara wa jakunkuna, shi ya sa mini wannan ciwo na son takubba. Yana tara takubban hafsoshin ƙasarsu da suka yi aikin soja a nan tun zamanin kakanni. Nakan raka shi kasuwar Ataba mu yi ta tonon tarkace, har na iya gane su da kaina: gaggafa a jikin mariƙi, da haruffan maƙeri a gindin ƙarfen. Biyu ni na tsinto su cikin shekara goma sha ɗaya. Na ukun shi ya ba ni da hannunsa ranar da zai koma gida, shekarar da aka sake buɗe mashigin Suwais. Tuni ya rasu.

Na biyu, kuma nan ne laifina, ba zan ɓoye ba. Ya sha gargaɗina kada in canja komai a jikin takubban. Amma dukansu tsirara suke, kubensu ya ruɓe, kuma a gidanmu barin takobi tsirara abin kunya ne ga baduku. Na daure shekara biyu, na kasa. Na ɗauko fatar akuya jimar gida da na daɗe ina ɓoyo, na yi wa kowanne kube da hamila da tuntu, na naɗe mariƙin da gindin ƙarfen da fata, na shafe su da man shanu har suka yi duhu. Da hannuna na rufe gaggafar da haruffan.

Na uku. Da idona ya fara rauni na ƙudura komawa gida, sai na kawo su ofishinka da ƙafata don a buga mini hatimi. Ba kama ni aka yi ba. Masaninku ya juya su, ya shinshina fatar, ya rubuta cewa aikin Sudan ne na sama da shekara ɗari biyu, dukiyar tarihi ce da ba ta fita. Ranka ya daɗe, shekarata hamsin da takwas. Tun da nake ba a taɓa yabon ɗinkina haka ba, kuma ba a taɓa cutata da yabo ba sai ranar.

Na huɗu. Na roƙi a farke ɗinki ɗaya tak a ga gaggafar. Aka ce haramun ne a sa wuƙa a kayan tarihi. Na kawo ragowar fatar da basillar, na ce a ba ni wuni guda in ɗinka irinsa a gabansu. Aka yi dariya, aka ba ni shayi, aka ce ma'alish, wato in yi haƙuri, in dawo gobe. Wata biyar ke nan. Shaidata tana ƙarƙashin fatar, fatar kuma kun hana a taɓa, to ina zan sa kaina?

Abin da ya fi damuna shi ne siton da aka ajiye su, na leƙa na ga bangonsa yana tsattsafo da ruwa. Fata tana shan laima, ƙarfen da ke cikinta kuwa tsatsa zai yi a ɓoye ba mai gani. Wanda duk ya san takobi ya san sai an zare shi an shafa mai. Iznin zamana zai ƙare bayan Babbar Salla, ba ni da lauya, ba ni da wani babba da zai ɗaga mini waya.

Roƙona: a farke ɗinkin a gabanka. In ba a ga gaggafa ba, ku riƙe su, ku hukunta ni. In hakan ya gagara, a bar ni in shiga siton sau ɗaya da tsumma da ɗan mai kafin in tafi, in nuna wa mai gadin yadda ake yi. Na haƙura da su zama nawa, kada dai su ruɓe cikin rigar da na ɗinka musu don in mutunta su.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya raya zuriyarka, ya tsare ka daga ranar da za ka faɗi gaskiya a kan aikin hannunka a ƙi yarda da kai.

Wassalam.

Ilu Baduku,
Darrasa, Alƙahira.