Rawanin da Kika Ɓoye wa Malam

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya sanyaya shi. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma ina da labarin da ke ya kamata ki fara ji. Inna, an saki Kawu Sale. Ƙanenki ya dawo Gammo da ƙafarsa, jiya da hannuna na zuba masa tuwo a akushinki.

Ki yi mini haƙuri in ɗauko zancen daga farko, don akwai masu karanta wannan da ba su san gidanmu ba.

Kin tuna daminar da taki ya gagari talaka, kananzir ma sai an bi layi a Kabo. A cikinta aka harbe kansilanmu da hantsi, yana kan babur, a hanyar gona tsakanin Gammo da Gude. Malam, mahaifinmu, limamin unguwarmu, yana dawowa daga raɗin suna a kan kekensa, shi ya fara iske gawar. Ya rufe masa ido, ya tura ƙasa a kan jinin don kada a taka. Sannan ya yi abin da ya saba, ya bi ya tsince duk abin da ya warwatse: hula, takalmi, agogo, da kwanson harsashi mai ruwan tagulla da ya gani cikin ciyawa. Ya kwance rawaninsa ya ƙulle su a ciki.

Kin san halin mijinki da tsintuwa. Ko allura ya gani a hanya sai ya ɗaga ta a masallaci ya yi cigiya. Kullum kina ce masa, "Malam, wata rana sai ka tsinto mana abin da ya fi ƙarfinmu." Shi kuma sai ya yi murmushi ya ci gaba da jan carbi.

Ranar ma bai sake hali ba. Bayan jana'iza, da aka sallame la'asar, ya shimfiɗa rawanin a gaban sahu, ya ce kayan mamaci amana ne, kowa ya gani kafin ya miƙa wa hukuma. Kwanson nan ya bi hannu-hannu har ƙarshen sahu, wani ya jujjuya, wani ya sansana. Washegari ya kai caji ofis. Suka karɓe har da rawanin, wai shi ma ya zama kayan shaida. Ya dawo gida da hula kawai, kika yi ta yi masa tsiya cewa ya koma saurayi.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Motar 'yan sanda ta zo ta tafi da Kawu Sale daga gonarsa. Laifinsa shi maharbi ne, yana da bindigar toka, kuma ɗan wata jam'iyyar ne, an taɓa jin sun yi cacar baki da kansila kan rabon taki. 'Yan sanda suka ce abin da Malam ya kawo musu dalma ce da guntayen ƙarfe, irin waɗanda ake ɗura wa bindigar toka. Kwanso kuwa, wai ba su taɓa ganinsa ba. Ko yaron goye a ƙauyenmu ya san bindigar toka ba ta zubar da kwanso, to in kwanson ya ɓace, sai laifi ya faɗa kan Kawu. Suka nemi Malam ya sa hannu cewa haka ne, ya ƙi. Suka ajiye shi kwanaki a bayan kanta, ya fito yana nan a kan maganarsa.

Daga nan gidanmu ya yi sanyi. Ba ki taɓa fasa kai masa abinci ba, amma kin daina zama a gefen tabarmarsa. Abin da kike maimaitawa ɗaya ne: "Da ka bar su a ƙasa, da Sale yana gonarsa." Ni ma a lokacin bayanki nake, har na daina zuwa daga Gwarzo in gaishe shi yadda na saba. Shi kuwa ya ƙi naɗa wani rawanin. In an yi masa magana sai ya ce nasa yana wurin hukuma yana ba da shaida.

Lauya ya ce maganar Malam kaɗai ba za ta isa ba, tunda mijin yayar wanda ake tuhuma ne, sai an sami waɗanda suka ga kwanson. Inna, sahu guda suka gani. Amma da aka bi su gida-gida, wannan ya ce idonsa ba ya gani sosai, wancan ya ce ranar a gona ya yi la'asar. Har yanzu in na tuna raina yana ɓaci. Na san tsoro ne, don irin wannan harsashi ba a hannun talaka yake ba, amma mutanen nan da Kawu suka tashi, naman dajinsa suka ci.

A haka ciwo ya kwantar da ke. Ranar da kika kira ni ɗaki kika ba ni mukullin akwatinki, na ɗauka zannuwa za ki raba mana. Sai ga sabon farin rawani a ƙarƙashin kaya, ko ninkinsa ba a warware ba. Kika ce, "Rabi, ki ba shi ranar da Sale ya taka gidan nan. Kafin nan kada ya gani." Kika juya fuska bango don kada in ga idonki. Ba ki kai lokacin kaka ba, Allah Ya karɓi ranki.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba.

Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano, mazan garinmu suka cika babbar mota suka tafi, suka dawo murya ta dishe saboda kabbara. Da la'asar Malam ya sallame, ya juyo ya dube su. An ce bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Kun je har Kano neman shari'a, kun bar ta a sahun nan. Duk hannun da ya taɓa abin da na shimfiɗa ranar nan, Allah Ya gan shi." Ya ɗauki takalminsa zai fita.

Kin san wanda ya fara miƙewa? Alhaji Ado, yayan marigayi kansila, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce shi ya taɓa, tagulla ce, kuma ya gaji da ganin an ɗaure Sale alhali wanda ya kashe masa ƙane yana yawo. Da ya faɗi haka sai masu ciwon ido suka warke, waɗanda suka yi la'asar a gona suka tuna ashe a masallaci suka yi.

Na je kotu ranar da aka kwance rawanin. Ya yi dauɗa, an zana masa lamba da jan biro, ɓera ya ci gefe ɗaya. Hula tana nan, takalmi yana nan, agogo babu, kwanso babu, sai dalma. Ɗan sandan da ya karɓi kayan an ce an yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya zo a madadinsa ya ce haka ya gaji ƙullin, bai san komai ba. Mutanenmu suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna rantsuwa, kowa yana kwatanta tsawon kwanson da ɗan yatsa. An yi ta ɗage zama har na cire rai, sai ga shi ranar Talata alƙali ya ce babu hujja a kan Kawu, a sallame shi. A kan benci na yi ta kuka.

Ba zan ɓoye miki ba, 'yan sanda har yau suna cewa dalma aka kawo musu, kuma ba a san wanda ya harbi kansila ba. 'Ya'yansa suna nan suna girma da wannan tambaya. Amma ki sani, halin nan na Malam da ya ja mana wannan wahala, shi ne ya fitar da ƙanenki. Da a ɓoye ya kai, da babu mai shaida ko ɗaya.

Kawu ya rame, furfura ta fito masa, amma bakinsa yana nan. Da ya ɗanɗana miyata sai ya ce ta Yaya, wato taki, ta fi daddawa. Daga nan ya kasa ci gaba, ya zauna a ƙofar ɗakinki ya daɗe.

Da aka kusa la'asar na buɗe akwatin, na durƙusa gaban Malam na miƙa masa, na faɗa masa saƙonki kamar yadda kika faɗa. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai hanci, ƙamshin turaren akwatinki yana jiki. Sannan ya ce, "Ashe ta huce." Na ce masa kin daɗe da hucewa, taurin kai ne irin namu.

Da ya tashi naɗawa, naɗin ya ƙi zama. Kawu ne ya tashi ya riƙe masa bakin rawanin har ya gama. Suka fita masallaci tare, ni kuma na tsaya a zaure inda kike tsayawa, ina kallonsu har suka sha kwana.

Allah Ya gafarta miki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya ji ƙan kansila, Ya bayyana wanda ya zubar da jininsa. Allah Ya ƙara wa Malam lafiya, Ya haɗa ku a inda babu sauran fushi.

Na isar da amanarki.

'Yarki mai kewarki,
Rabi, daga Gwarzo