Kaset ɗinka da Na Shanya wa Tsuntsaye

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka kamar yadda na saba, ko da yake na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Shekara uku ke nan da muka raka ka. Allah Ya sa kana cikin rahama.

Gida lafiya lau. Akuyarka mai taurin kai ta haifi biyu, duk sun gado ta. Autarmu Bilki ta gama karatu a Tudun Wada, kuma ita ta jawo maganar da zan yi maka.

Ka tuna kaset ɗin nan marar suna da injiniyan da kuka yi aikin tarakta tare a Tiga ya ba ka? Jita da ganguna suna ta tsere, can sai algaitar Turawa ta kutso kamar an taka mata ƙafa. Ni ce mai cewa hayaniyar garejin makanikai ce, kai kuwa ka lumshe ido kana buga gwiwa. Da ya ɓace na ce maka ɓera ne. Malam, ba ɓera ba ne. Shekarar da janbaki ya addabi geron gayaunata, ni na zare zaren kaset ɗin tas, na ɗaura a kan karare yana ƙyalli yana kaɗawa. Wallahi ya yi aiki, ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba. Ka sha furar geron nan har kana santi, ba ka san kiɗanka kake sha ba.

Ka zagaye masu kaset na Ɗangora da Kwanar Ɗangora kana yi musu fito, suna kallonka kamar taɓaɓɓe. Yaya za a nemo waƙar da ba a san sunanta ba? Na so in faɗa maka, kunya ta hana ni, sannan lokaci ya hana ni. Abin ya daɗe yana ci na.

Bayan rasuwarka, waƙar ba ta saura ko'ina ba sai a kaina, daga fiton da kake yi in kana wanke tarakta. Kuma na fara jin tana zubewa. Na tsorata ƙwarai. Sai na rera wa Bilki, ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan tsohon kiɗan rok ne mai haɗe da jaz. Ta sa mini wani gidan rediyo na intanet a waya, wanda ba ya saka komai sai irinsa. Ba a zaɓa, abin da suka sa shi za ka ji. Sabis kuma ba ya kamawa sosai sai a tudun gayauna.

To ka ji ni, tsohuwa da ni, wata biyu ina gadin gero da gwangwanin korar tsuntsaye a hannu, waya a ɗaure a bakin zane. Mata masu tallar nono suna wucewa suna ƙunshe dariya. Abin haushin ma, na fara jin daɗin kiɗan. Har na san inda mai ganga zai bar wa mai algaita fili. Me ya sa ba ka taɓa ce mini in zauna in saurara ba? Ko ka ce, ni ce ban ji ba?

Wata Talata da hantsi sai ga waƙarka ta zo. Daga bugun farko na gane ta. Ashe fitonka ma ba daidai kake yi ba, kana tsallake rabi. Na ajiye gwangwani na zauna a kan kunya. Janbaki suka sauko garke guda, ina kallonsu, ban ɗaga ko yatsa ba. Waƙar doguwa ce, sun ci sun ƙoshi. Ban taɓa asarar da ta yi mini daɗi haka ba.

Sunanta ya fito a fuskar wayar, na kwafe harafi-harafi a bayan katin asibitinka. Yanzu tana da suna, Malam, ba za ta sake ɓacewa ba.

Ka yafe mini. Sai na zo, in Allah Ya yarda.

Matarka,
ɓeran da ya ci kaset