Ruwan Wankan Munzali

Zongo, Kwatano
Farkon Rajab

Zuwa ga Yayata Safina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara da duk mutanen Malanville. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta da kyau. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na san za ki ce me ya haɗa Labiba da biro, ga waya a hannu. Ɗakinmu ɗaya ne, Yaya, ko tari na yi Baban Zahida yana ji, kuma maganar tasa ce. Shi ya sa na ba Garba direban motar shanu wannan takarda.

Kin ji rasuwar ƙanensa Munzali, har kin yi mana gaisuwa. Abin da ba ki ji ba shi ne har yau ba a binne shi ba. Sanyi ne ya kashe shi a duwatsun da ke tsakanin Italiya da Faransa, suna tsallakawa da ƙafa. Babu takarda a jikinsa, wani abokin tafiyarsa ne ya shaida shi. Yana can kwance a ɗakin ajiyar gawa na wani asibiti, cikin ƙanƙara, ana jiran hukuma.

Ke kin san maigidana. Tun rasuwar mahaifinsu shi ke wankan gawar maza a Zongo. Ba ya yarda gawa ta wuni, kuma bai taɓa zuba wa mamaci ruwan sanyi ba. Ni ke ɗora masa tukunya, ya tsoma gwiwar hannu ya gwada, don a cewarsa mamaci yana jin abin da mai rai ke ji, baki ne kawai ba shi da shi. To, mutumin da ke ɗumama wa baƙo ruwa, ga ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya a haka. Ya daina cin abincin kirki. Ya kai takardunsa ambasad neman biza, ya rantse da hannunsa zai wanke shi.

Sai Ousseini maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru a Turai, ya gaya masa sanyin can ba a faɗa masa kai tsaye, koyonsa ake yi. Kada ya ƙanƙame kafaɗu, kada ya yi kokawa da shi, ya ja numfashi a hankali ya bar shi ya ratsa. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, ban ga laifinsa ba.

Yanzu kullum da safe sai an sayo ƙanƙara an fasa a bokiti ya yi wanka. Mutumin da ko yayyafi aka yi sai ya nemi shayi da hula. Ranar farko haƙoransa har ƙara suke, ni da Zahida muna bayan ƙyaure muna dariya. Bai tsaya nan ba. Alhaji Moctar yana da firigo a Vêdoko, wato ƙaton ɗakin sanyi inda ake jibge kwalayen kaji da kifi. Maigidana ya roƙe shi, an bar shi yana shiga bayan azahar ya ɗan zauna. Yakan fito yana tsalle yana hura hannu, ya dawo gida ya cinye tuwo malmala uku. Wallahi har na ji daɗi, ko ba komai ci ya dawo.

Ki sa mu a addu'a bizar nan ta fito.

Taki ƙanwa,
Labiba

Zongo, Kwatano
Tsakiyar Sha'aban

Yayata Safina,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya, Inna kuma da sauƙi. Kukar miya da daddawar sun iso, Allah ya saka da alheri. Na ga abin da kika rubuta, wai in bar shi, baƙin ciki ne, zai wuce. Ni ma haka na zata.

An hana bizar. Na ɗauka ranar zai jefar da bokitin ƙanƙara, mu yi wa Munzali addu'a mu haƙura. Ya karanta takardar, ya ninke, ya ɗauki hularsa ya tafi Vêdoko.

Ya daina rawar sanyi, Yaya. Da yakan shiga da rigar sanyin da Ousseini ya ara masa, yanzu ya mayar masa da abarsa, da 'yar shara yake shiga. Da ɗan zama ne, yanzu sai kiran la'asar ke fito da shi. Ba jurewa yake yi ba kuma, so yake. Ya ce min ban san daɗin ba, wai a ciki babu ƙarar zemijan, baburan hayar nan namu, babu wari, babu ƙuda, zuciya takan kwanta kamar ruwan randa, ya ja carbi ba abin da ke gifta masa. Ya ce farko sanyi cizo yake, daga baya ya saki, daga baya kuma sai ya rungume ka. Yana faɗa yana murmushi. Ni murmushin ne ya ba ni tsoro.

Kin san zafin Kwatano a wannan lokaci, kana zaune gumi na bin bayanka. Shi ko ɗigo. Abinci sai ya huce sarai yake ci. Zahida ta daina hawa cinyarsa, ta ce Baba ya yi sanyi. Ran nan muna cin mangwaro a tsakar gida, ƙudaje sun dame mu, na lura ko ɗaya bai sauka a kansa ba.

Shekaranjiya na je kasuwar Saint-Michel, na haɗu da Kadidja, matar da ke kula da ƙofar firigon. Ta ja ni gefe. Ta ce in ya shiga kwali biyu yake jawowa, ya zauna a kan ɗaya, ya bar ɗayan a hagunsa. Duk kwalayen ɗakin farar ƙanƙara ta lulluɓe su, amma wannan na biyun samansa a share yake, kamar yanzu wani ya tashi a kai. Ta ce kuma kowa ya shiga ɗakin bakinsa hayaƙi yake fitarwa, ita da masu dako duka. Bakin maigidana ya daina.

Da ya dawo na tambaye shi zancen kwalin. Bai ɓoye ba, bai kuma ji haushi ba. Ya ce tun suna yara Munzali ba ya son zama shi kaɗai, kuma tunda an hana shi zuwa can, ai sanyin ɗaya ne, nan da can. Ya ce min Munzali har ya daina tari.

Na kai kuka wurin liman, ya yi masa nasiha, ya saurara da ladabi ya ce to. Na je wurin Alhaji Moctar, ya ce yana jin nauyinsa, don shi ya yi wa gawar mahaifinsa wanka. Tsoro nake ji, Yaya. Tsoro nake wata rana la'asar ta yi bai fito ba.

Taki,
Labiba

Zongo, Kwatano
Cikin azumi

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Yaya ibada, yaya ƙishirwa? Allah ya karɓa mana. Ki gaishe da Inna, amma wannan takarda kada ki karanta mata.

An binne Munzali. Jama'ar wani masallaci na baƙaƙen fata a garin suka nemi gawar aka ba su, suka yi masa wanka da salla. Abokin tafiyarsa ne ya turo saƙo, Juma'ar ƙarshen Sha'aban, wayar kuma tana gida don Baban Zahida ya daina fita da ita. Ko mayafin kirki ban ɗauka ba na tare zemijan sai Vêdoko.

Na tarar da Kadidja da masu dako a waje, rana na dukansu, ba mai son shiga. Ƙofar ba a kulle take ba, turawa kawai na yi. Maigidana yana can ƙurya, ya cire rigarsa ya ninke a gefe, ya ce wai zafi ya dame shi. Leɓunansa sun yi toka. Fuskarsa kuwa, tun da na aure shi ban taɓa ganin ta da kwanciyar hankali haka ba. Ga kwalin a hagunsa, samansa a share.

Na durƙusa na gaya masa. Hayaƙin bakina yana tashi a tsakaninmu, nasa babu. Bai tambayi wane gari ba, bai tambayi wa ya yi salla ba. Abu ɗaya ya tambaya, ko an ɗumama ruwan.

Saƙon bai faɗa ba, Yaya. Ban sani ba. Na ce an ɗumama. Ya dube ni ya sake tambaya, na ce wallahi an ɗumama.

Sai na ga hayaƙi ya fito daga bakinsa. Jikinsa ya ɗauki rawa, irin ta ranar farko, ya fashe da kukan da bai yi ba tun da aka aiko da rasuwar. Na ƙwala wa masu dako kira suka ɗauke shi. Ni ce ƙarshen fita. Na waiwaya, na ga ƙanƙara ta rufe kwalin kamar sauran.

Ya yi kwanaki a asibiti. Yatsu biyu na hannun hagu likita ya ce ba za su dawo ba, amma yana nan da ransa, alhamdu lillahi. Yana gumi, yana ƙorafin zafi, yana shan kunu da tururinsa. Zahida ta koma cinyarsa. Jiya ma an yi rasuwa a layinmu, ya je ya yi wankan, ni na ɗora tukunyar.

Daga baya na kira abokin nan a ɓoye. Ya ce shi ba ya wurin lokacin wankan, bai ma gane me nake tambaya ba. Na yi istigfari, bayan salla zan yi kaffarar rantsuwar. Da zan sake komawa ɗakin nan, abin da na faɗa shi zan faɗa.

Sai dai tun ranar nake jin sanyi a gefen hagu, daga kafaɗa zuwa ƙugu, kamar wanda aka matse da wani a kujerar mota. Da tsakar rana ya fi. Na ɗumama ruwa na yi wanka, na ɗumama na zuba a ƙasa ta gefen, ina kiran sunan Munzali ina ba shi haƙuri, bai tafi ba. Zahida ta koma zama a damana. Maigidana bai lura ba, kuma ba na son ya lura, don kada ya gane rantsuwar da na yi masa ce ta sa Munzali ya biyo ni.

Ga abin da nake roƙo. Bargon ulu na Inna, baƙin nan da ke ƙasan akwatinta, ki ba Garba ya taho min da shi, ki ce masa na Zahida ne. Na san za ki yi mamakin mai neman bargo a Kwatano cikin wannan zafi. Satin farko sanyin cizo yake yi. Yanzu ya fara saki. Yau ina gaban murhu ina soya ƙosan buɗa baki, kowa na fifita, na ji kaina ina jingina ta hagun.

Ki aiko da sauri, Yaya, tun ina son bargon.

Taki har kullum,
Labiba