Ranar da Na Fasa Indararo

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki na maƙabartar Baƙi'a. Ɗanki Haruna ne. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma kwana tara ke nan ina ɗauke da wata magana a kan Baba, wanda kika bar mini amanarsa, kuma ke ce kika koya mini in zan faɗi abu in faro shi daga tushe. To bari in faro.

Sanyin bana ba ki taɓa ganin irinsa ba a duk shekarun da kika yi a unguwarmu ta Harra ta Gabas, a nan Madina. Tsofaffin unguwa ma sun ce ba su gani ba. A waya ana ta yawo da hotunan duwatsun arewa sun yi fari fat da dusar ƙanƙara, raƙuma na tsaye a ciki kamar an yi musu ƙarya. Mu nan dusa ba ta sauko mana ba, ƙanƙara ce ta zo, sau uku cikin wata guda. Gidajenmu kuwa kin san su, don zafi aka gina su. Ko'ina kafa, ko'ina iska.

Na yi abin da na saba, na zauna na rubuta ayyuka a littafina, ina gamawa ina sokewa. Na toshe gefen tagogi da tsofaffin zannuwa. Na liƙe ramin na'urar sanyi da kwali. Na sayo daffaya biyu, abin nan na lantarki mai ɗumama ɗaki. Zainabu matata ta koma dama kunu safe da yamma, tana cewa ita dai an aurar da ita Madina, ba a ce mata za a kawo ta cikin firij ba. Sai na yi abu na ƙarshe a jerin, wanda na ɗauka shi ne mafi hikima: na kira maƙwabta biyu muka ɗauke Baba daga ɗakin ƙasa muka hau da shi ɗakinki na sama, don shi ne rana ke dukansa tun hantsi. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai hau matakalar nan ba. Da muka kwantar da shi ya dubi rufin da ya gina da hannunsa, azarar katako da siminti a kai, ya yi murmushi da rabin bakinsa. Na rubuta a littafi cewa na kyauta.

Akwai abin da ba ki sani ba, domin bayan tafiyarki aka yi shi.

Kin tuna indararon soronmu na yamma, wanda yake zubar da ruwa a bakin ƙofar Ammu Salihu maƙwabcinmu? Kin tuna duk lokacin da kika wanke saman soro don mu kwana a can da zafi, sai ya fito yana ɗaga jallabiya yana cewa, "Ya Hajiya, kogi kika haƙa mana?" Ke kuma ki leƙo ta katanga ki ce, "Indararo ya girmi ƙofarka, Salihu. Ka matsar da ƙofar." Shekara ashirin kuna haka, kuma in kin yi tuwo sai kin aika masa.

Ba ki cika wata biyu da rasuwa ba ya zo mini da maganar. Ya ce a shekara sau nawa ake ruwa a garin nan? Ga indararo na tsakar gida, ai ya isa, a toshe na ƙofarsa. Ni kin san ni, ba na iya rigima. Kuma shi ne ya riƙe gaban makararki har bakin kabari. Na ce to. Na ba shi hannu a gaban limamin masallacinmu cewa ba zan sake buɗe shi ba. Na sayo siminti na toshe, kuma toshewa irin tawa: na cusa baƙaƙen duwatsun unguwarmu a ciki, na zuba siminti, na bari ya bushe, na ƙara wani. Da na sauko na gaya wa Baba, sai ya dinga bugun katifa da hannunsa mai lafiya yana wani gurnani. Na ɗauka ruwa yake so. Na kawo masa ruwa.

Kin sha gaya mana, "Ba a tare wa ruwa hanya, baƙo ne mai dawowa." Na tuna da maganar a ranar da nake kwaɓa simintin. Na ce a raina wannan maganar mutanen da suka taso a ƙasar damina ce.

Ranar Alhamis, bayan azahar, aka tsayar da manyan motoci a wajen aikina a Bi'ir Ali saboda hadari, aka ce mu masu rubuta shiga da fitarsu mu tafi gida. Ina shiga lungunmu sama ta tsage.

Inna, ba saukowa ƙanƙarar nan take yi ba, jifa ce. Da farko kamar ƙwallon dabino, kafin in kai ƙofa ta zama kamar ƙwai. Gilasan motoci suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Murfin tankin ruwanmu ya tsage gida biyu. Na ga tantabaru suna faɗowa daga kan waya, wata kanta a fashe tana juyi a ƙasa. Wata ƙanƙarar ta same ni a kunne, sai da na ji ɗumi a wuyana na san jini ne. Baƙaƙen duwatsun unguwarmu suka yi fari cikin ɗan lokaci. Sannan ruwa ya biyo baya, kamar da bakin ƙwarya.

Zainabu ce ta ƙwala mini kira daga sama. Na same ta tsaye a kan Baba, ta riƙe babban tirenki na azumi a saman kansa, ruwa na ɗiga a kai kwal, kwal. Rufin ya yi tsaga tun daga kusurwa har wajen fanka, azara ɗaya ta lanƙwasa. Ta kira ni da sunan 'yarmu, ta ce, "Abu Ruƙayya, soron nan zai faɗo masa. Ka yi wani abu!"

Na hau. Kin san katangar soronmu, wadda Baba ya ɗaga har ƙirji don kada a ga mata. Ta mayar da soron kwatarniya. Ƙanƙara ta cushe indararon tsakar gida, na zura hannu har kafaɗa, na yaƙusa, ko motsi. Ruwa ya kai mini ƙwauri, ƙanƙara na yawo a kai, duk wannan nauyin a kan ɗakin da mahaifina yake kwance.

Na sauko na gwada ɗaukarsa. Kin san girman jikin Baba. Na kai shi bakin matakala, na ga ta zama santsi tun daga sama har ƙasa, ga jifa ba ta tsaya ba. Na san in na taka, mu biyu za mu gangara. Na mayar da shi, muka ja gadon jikin bango. Har yau ban sani ba ko nan ne na yi kuskure na uku. Wataƙila da na nannaɗe shi a bargo mun ja shi zaune. Na juya wannan a kaina har ya gaji da ni.

Na ɗauki gudumar Baba da guntun rodi don in fasa indararon da na toshe. Ta ciki ba ta yiwuwa, guduma ba ta da ƙarfi a cikin ruwa. Sai ta waje. Na fita lungu, na taka tagar Ammu Salihu na hau kan rumfar ƙofarsa, na soma dukan simintin da na yi da hannuna. Kowane bugu sai ya dawo mini har haƙori. Na yi aikin da kyau, Inna. Ban taɓa tsanar kaina kamar lokacin ba.

Sai ga shi ya fito, ya kifa kwano a ka, ya jingina tsani ya hau. Ya kama hannuna mai gudumar. Yana ihu, "Haruna, ka haukace? Duk ruwan nan zaurena zai shiga! Ka ba ni hannu gaban liman, ya waladi, ɗana!" Na ce, "Ammu, Baba yana ƙarƙashi, sake ni." Ban sani ba ko ya ji. Ƙarar ƙanƙara a kan kwanon rumfar ta fi muryata. Na sake faɗa. Ya ƙara riƙewa, yana cewa, "Ittaƙillah, ka ji tsoron Allah, alkawari ne!"

Na fizge hannuna na buge shi da ƙotar guduma a fuska.

Ba zamewa na yi ba. Ba kuskure ba ne. Na dubi inda zan buga, na buga. Na ji ƙashi ya ce ƙas. Dattijon da ya haura sittin, wanda ya yi mini rakiya ranar ɗaurin aurena, ya saki tsani ya faɗa da baya a kan ƙanƙara. Na ga jini yana bin farin nan yana faɗaɗa. Na ga yana motsa ƙafa. Kuma na juya na ci gaba da aikina.

Bugu goma sha ɗaya na ƙara, na ƙirga. A na bakwai na daki babban yatsana ya fashe, ban ji ba. A na ƙarshe duwatsun suka fito kamar an harbo su, ɗaya ya same ni a ƙirji, ruwan ya biyo da ƙarfin da ya kusa jefar da ni. Kuma kin san inda indararon nan yake zuba. A kansa ya sauka, inda yake kwance. Matarsa da wani mai wucewa ne suka ja shi ciki ta hammata, tana kallona tana kiran sunan Allah. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kafin in koma sama, wani ɓangaren rufin ya riga ya ɓalle. Ya faɗo a ƙarshen gado, ya karya ƙwaurin Baba na ɓarin da ya mutu. Zainabu ta kifa jikinta a kan ƙirjinsa, bayanta duk ya ƙuje. Sauran rufin ya tsaya. Wanda ya zo duba ginin daga baya ya ce da ruwan ya ƙara jimawa kaɗan, da ba gyara ake magana ba.

Baba yana raye, Inna. An ɗaure ƙafar, yana asibiti, yana cin abinci. Motar asibiti ɗaya ce ta ɗauke su shi da Ammu Salihu, domin hanya ta toshe ba a samu ta biyu ba. Ni na zauna a tsakaninsu.

Shi Ammu, ƙashin kuncinsa ya karye, haƙora uku sun fita, idon hagu kuma likita ya ce sai an jira. Da jami'i ya zo ya tambaye shi yadda aka yi, ya kasa magana, sai ya karɓi biro ya rubuta cewa tsani ne ya zame da shi. Ina tsaye a wurin. Ban gyara maganar ba. Wannan ma ki ƙara shi a kan laifuffukana.

Jiya na tattara ƙarfina na je gidansa, an sallamo shi. Darduman zauren duk an shanya su a katanga, sun lalace. Na durƙusa a gabansa kamar yadda kika koya mana durƙusa wa manya, na ce, "Ammu, na zo da kaina. Duk abin da ka yanke, na ɗauka." Ya daɗe yana dubana da ido ɗaya. Bakinsa a ɗaure yake, maganar da ƙyar take fita. Ya ce, "Yaya Alhaji?" Na ce yana samun sauƙi. Ya ce, "Alhamdu lillah." Sannan ya ce, "Tashi ka tafi. Ban yafe ba tukuna."

Na tashi na tafi. Gaskiyarsa ce.

Innata, ga abin da ya sa na rubuto miki. Kowa yana cewa shaiɗan ne, tsoro ne, ba ni cikin hayyacina. Ina cikin hayyacina. Ni da ban taɓa ɗaga wa ko kyanwa hannu ba, na bincika zuciyata kwana tara ina neman nadama cikakkiya, abin da na samu rabi ne. Ina kuka saboda fuskar Ammu. Amma da za a mayar da ni kan rumfar nan, Baba yana ƙarƙashin ruwa, wani ya riƙe mini hannu, zan sake bugawa. Ban san yadda ake tuba daga abin da mutum ya san zai maimaita ba. Da kina nan da na sa kaina a cinyarki na tambaye ki, ko da za ki fara da mari.

Ya Allah, Ka haskaka kabarin mahaifiyata, Ka yalwata mata shi, Ka sa tana cikin maƙwabtan Manzonka, tsira da amincinka su tabbata a gare shi. Ka haɗa ƙashin Baba, Ka bar mana shi. Ka mayar wa Ammu Salihu ganinsa, Ka ɗora ciwonsa a ma'aunin ladansa. In ya yafe mini, Ka yafe mini. In bai yafe ba, Ka ba ni tsawon ran da zan ci gaba da zuwa ƙofarsa.

Ɗanki mai kewarki,
Haruna
Harra ta Gabas, Madina