Na Rubuta Wa Mamaci Yafiyar Da Bai Yi Ba

Assalamu alaikum Anti, tare da masu bibiyar wannan shafi. Ina fata kowa yana lafiya, ya aiki, ya iyali. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Sunayen da zan ambata ma na canza su.

Ilimin laburare na karanta, yanzu ina aiki a wani ƙaramin ɗakin karatu a nan Wudil. Bara shugabarmu, wadda muke kira Hajiya, ta sa muka buɗe wiki da Hausa, wato shafin intanet da duk wanda muka yi wa rajista zai iya shiga ya rubuta ko ya gyara, don mu tattara tarihin sana'o'in garin daga bakin tsofaffi. Ni aka ba ɓangaren masunta. Ƙa'idarmu ita ce a ɗauki murya a waya, a kwafe ta yadda take, ba ƙari ba ragi. Abin kunyar, ni ce na fi kowa nacewa a kan wannan ƙa'ida.

Na samu wani dattijo, Baba Ilu, a bakin kogi yana ɗinkin taru. Ya ba ni labari mai daɗi, har da tsokanata wai ko tarwaɗa ban iya riƙewa ba na zo tambayar masunta. Da na tambaye shi da wa ya koyi sana'ar, sai ya ce da ƙanensa Sule, wanda ya koma noma a Dagumawa. Sannan ya ce, "Jikata, abin nan naki yana ɗauka?" Na ce yana ɗauka, Baba. Ya ce, "To ya ɗauka da kyau. Sule ya sayar da fadamar ubanmu ina kwance ba lafiya. Ban yafe ba, sai mun tsaya gaban Allah."

Da na zo kwafewa na kasa. Yaya zan ɗora wannan inda jikokinsu za su gani? Wataƙila da cire wurin kawai na yi, da laifin ya zo da sauƙi. Amma sai na ga labarin ya yi giɓi, na rubuta, "Abin da ya shiga tsakanina da Sule ya wuce, na yafe masa." Na ce wa kaina na ɗan lokaci ne, ai a wiki komai ana gyarawa, zan koma in roƙe shi ya yarda ko in goge. Ina ta yau da gobe, da damina ta faɗi aka ce Allah ya yi masa rasuwa.

Ashe 'yar Malam Sule malamar firamare ce, ta ci karo da shafin, ta karanta wa mahaifinta. Mutumin da aka ce ko a zaman makoki can gefe ya rakuɓe, shi ne ya tashi ya je wajen babban ɗan marigayin da maganar. Gidajen biyu suka shirya. Suka nemi rajista, suka ƙara hotuna da addu'o'i a ƙarƙashin ƙaryata, Hajiya kuma duk baƙon da ya zo wannan shafin take fara nuna masa. Ni kuwa ko littattafai nake jerawa sai in ji muryar tsohon nan yana cewa ya ɗauka da kyau. A salla ma ina ji. Na daina bi ta bakin kogin.

Ranar Juma'ar da ta wuce, da ya shigo kasuwa, Malam Sule ya biyo ta wajenmu, 'yarsa tana riƙe da hannunsa. Bayan gaisuwa ya ce, "'Yata, da bakinsa ya faɗa?" Na sunkuyar da kai na ce haka yake a shafin, Baba. Ya ce, "Ni ban yi boko ba, kunne gare ni. An ce muryar tana wajenki. Ki bari in ji Yaya ya ambaci sunana ko sau ɗaya ne, in Allah ya ɗauke ni in tafi da sanyin rai." Kafin in buɗe baki Hajiya ta ce, "Ai dama za mu fara ɗora muryoyi a kan shafukan, sai mu fara da ta Baba Ilu."

Muryar tana nan a wayata. Zan iya cewa ta goge, ko in yanke wurin, amma anya ba cin amanar mamacin zan sake yi ba, shi da ya ce in ɗauka? In kuma na saka wa Malam Sule ita yadda take, ban san ko zuciyar tsohon nan za ta ɗauka ba, ban san abin da zai faru da zumuncin da aka ƙulla ba. Wani lokacin sai in ce wataƙila da na bar gaskiyar tun farko, da Malam Sule ya ji ya je neman gafara yayansa yana da rai. Ni na hana shi wannan damar? Aikina ma zai iya tafiya, kodayake ina ganin wannan ne mafi ƙanƙanta.

Ya ce zai dawo Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, kuma zai taho da babban ɗan marigayin su saurara tare. Don Allah, malamai da iyaye da ke wannan shafi, me zan yi?