Kada Ki Yanka Leshin Matar Likita Tukuna

Yaya,

Ba zan iya jiran ki ba, maigidanmu na gareji ya kira sau biyu.

Bayan fitarki na buɗe kwamfutarki. Na tarar hotunan ɗinki sun cika allon, ba masaka tsinke. Kin san hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Na kwashe su duka na zuba a folda guda, wato jakar ajiya ta cikin kwamfuta. Ban goge ko ɗaya ba.

Ina cikin jin daɗin aikina Umma ta leƙo ta ce, "Sarkin karambani, wa ya aike ka?" Ashe da ma tsara su kika yi: na hagu su ne waɗanda za ki ɗinka, na ƙasa kuma waɗanda masu kaya suka fasa. Na yi ta ja ina mayarwa, na kasa tuna mazaunin kowanne.

Hotunan matar likita biyu ne, yanzu ba a san wanda ta zaɓa ba. Don Allah ki kira ta kafin ki sa wa leshinta almakashi.

Ki yi haƙuri. Faɗan kuma ki ajiye min, da yamma zan zo in karɓa.

Autanku