Baba, Ranar Asabar Zan Yanke Busa

Assalamu alaikum Baba, bayan gaisuwa da girmamawa. Allah ya kai haske kabarinka.

Ɗanka Habu ne, daga Tasawa. Raina ba kwance yake ba, kuma kai ka jawo.

Ka tuna yadda ka koya mini algaita a ƙofar gidanmu a Urafane? Ka sa mini kara a ƙwaryar ruwa, ka ce in yi ta hurawa ina shaƙar iska ta hanci, kada kumfar ta tsaya. In ta tsaya, sai ranƙwashi. Kullum maganarka ɗaya: "Mai algaita ba shi yanke busa gaban jama'a, sai in ya mutu."

To yanzu wata algaitar Turawa nake busawa, obuwa suke ce mata. Na san da kana nan da ka ce muryarta kamar ta akuya mai mura. Mu uku ne: ni, da Isufu mai sarewa, da Madam Rabi ta makarantar lise mai kaɗa piyano. Kiɗan da muke yi tun na ƙarni na goma sha takwas ne, an tsara shi don ɗaki, ba don dandali ba. Kamar hira yake, wannan ya faɗa, wancan ya amsa. Akwai wurin da dole in sauke obuwa daga bakina, in bar piyano ya yi magana shi kaɗai.

Nan nake kasawa, Baba. Da na iso wurin sai kumatuna su cika da kansu, in ja sautin in danne Madam. Jiya ta rufe piyanon da ƙarfi, ta ce in na sake, za ta kira wani daga Maradi ya karɓi wurina. Ranar Asabar masu zaɓen makaɗa za su zo daga Yamai su saurare mu. Shekarun da na yi ina koyo duk sun rataya a kan shirun nan.

Ga kuma ƙanenka Baba Sale, wanda ya yi maka kiɗan ganga rayuwarsa duka, ya aiko cewa zai hau babur ya zo. A gabansa ɗanka zai sauke busa a tsakiyar kiɗa. Da wane ido zan dube shi?

Abin da ban gaya wa Madam ba, tsoron shirun nake ji. Ina riƙe da hannunka a asibitin Mayahi lokacin da numfashinka ya yanke, na yi ta jira ka sake ja. Duk sanda na sauke obuwa, ɗakin nan nake komawa.

Amma zan sauke ta, Baba. Ka yafe mini. Zan yi shiru, in jira Madam ta gama, sannan in ja numfashi in ci gaba.

Allah ya jiƙanka, ya sa Aljanna ce makomarka.

Ɗanka mai kewarka,
Habu